Gayyar da Na Kira a Bakin Abhur

A can shekarun baya, lokacin da alhazanmu suka fi zuwa ta jirgin ruwa, na yi aiki a wata gahawa, wato gidan shan shayi da cin abinci, a bakin Abhur. Ga wanda bai san wurin ba, wani dogon hannun teku ne da ya kutso cikin ƙasa a arewacin Jidda, ruwansa a kwance kamar an zuba a faranti. A lokacin babu katanga ko ɗaya. 'Yan ɗakunan katako ne jefi-jefi waɗanda iyalai ke kamawa su yini, sai gahawoyi irin tamu masu kujerun igiya a ƙarƙashin rumfa. Ranar Alhamis da yamma motoci su fara isowa daga gari, maza su zauna shan shayi, yara su faɗa ruwa, mu kuma mu yi ta suyar kifi har hannu ya gaji.

Ni ne mai kula da wurin. Maigidana wani dattijo ne ɗan asalin Jidda, mai yawan mita amma ba mugu ba. A Nuzla, wata unguwar Jidda da Hausawa suka yi yawa, aka haife ni, kuma karatuna bai yi nisa ba, sai dai ina son kowane abu ya zauna a mazauninsa. Shara kafin yayyafa ruwa, yayyafa ruwa kafin jera kujeru, jera kujeru kafin hura gawayi. Wanda ya tsallake ɗaya sai ya koma farko. Masu aiki tare da ni suna kirana askari, wato ɗan sanda, a bayan idona. Na sani, kuma ban ji haushi ba.

Mahaifiyata wanki take yi, ita da wasu mata na unguwarmu, ita ce babbarsu. Idan alhazai suka watse, gidajen da suka sauke su sai su fito da darduma da barguna da rigunan katifa, tuli guda. Ruwan daɗi kuwa a Jiddar wancan zamani ba abin wasa ba ne, babu mai wanke darduma da ruwan da ɗan garuwa ya kawo a kafaɗa. Don haka teku ake kai su, a dirje da sabulu a ruwan gishiri, a shanya, a dawo gida a ɗauraye da ruwa kaɗan. Da a gaɓar gari suke yi. Da gine-gine suka cinye gaɓar, sai suka koma can ƙuryar Abhur, inda ruwa bai wuce gwiwa ba kuma yashi yake da laushi. Wani abokina, Bahaushen Sudan mai tuƙa lori, shi ke kai su da safe ya kwaso su da yamma.

A shekarar da nake ba ku labari alhazai sun yi yawa, wanki ma ya yi yawa. Da iskar la'asar ta taso sai ka ga kumfa mai ruwan toka ta taho daga ƙurya, wani lokaci da jan rini a jikinta, ta bi gaban ɗakuna ɗaya bayan ɗaya, ta zo ta kwanta a gaban rumfarmu. Ruwan ya fara wari. Yara su fito suna susa, idanunsu jajir. Wata Juma'a na ga wani magidanci ya tattara iyalinsa ya tada mota, kifin da na soya musu ko taɓawa ba su yi ba. Mako na gaba kujeruna a jere suke tsaf, babu wanda ya zo ya ɓata jerin.

Masu gahawoyi da masu ɗakuna suka taru a rumfarmu, ni ina zuba musu shayi. Maƙwabcinmu, wanda gahawarsa ta fi kowace girma, shi ya fi ɗaga murya.

"Matan nan masu wanki ne suka kashe mana kasuwa," in ji shi. "Maganar ba ta da tsawo. A je baladiyya, hukumar gari, su zo da askarawa, halas."

Na ci gaba da zuba shayi, amma na san abin da maganar take nufi. Ni da mahaifiyata muna da takarda. Yawancin matan nan ba su da iƙama, wato takardar izinin zama. Aikin hajji ya kawo su tun suna 'yan mata, suka zauna, suka yi aure, suka haihu a nan. Idan askari ya tsaya a kansu ba zancen kumfa zai yi ba. Mota ce za ta kwashe su, daga mota sai jirgin ruwa, 'ya'yansu suna Nuzla suna jiran tuwon dare.

Da aka watse maigidana ya kira ni.

"Ya waladi, ɗana, na san mahaifiyarka ce babbarsu. Je ka yi mata magana su bar ƙuryar nan. Zan ja wa mutanen nan rai iyakar ƙarfina, amma ƙarfin nawa ba shi da yawa."

Washegari na taka har ƙurya. A hanya na tsara maganata daki-daki. Na same ta a cikin ruwa, ta ɗaure zani tamau, tana tattake wata jar darduma da ƙafa. Na durƙusa a gaɓa na gaishe ta, na tambayi gajiya, na gaida sauran iyaye mata.

"Inna, da magana na zo. Ta farko..."

"Fara da ta ƙarshe," ta ce, ba ta ko ɗago ba. "Rana tana yi."

Matan suka kwashe da dariya. Na haɗiye tsarina na faɗa mata a dunƙule: ko su tashi, ko askarawa su zo.

"Tekun ta maigidanka ce? A wace kasuwa ya saye ta?"

"Inna, yara suna ƙaiƙayi. Da idona na gani."

Sai ta tsaya. Ta fito daga ruwan, ta share hannu a zani, ta nuna can wajen gahawoyi da haɓa.

"Mu dattin baƙin Allah muke wankewa, kuma ban ce ba datti ba ne. Wancan ɗan akurkin da ke ƙarshen gadarku fa? Me yake zubawa a ruwa, turaren wuta?"

Na juya na dubi gadar. Kowace gahawa a lokacin tana da 'yar gadar katako da ta shiga cikin ruwa, a ƙarshenta kuma ɗan ɗakin bahaya, katako ne da rami a tsakiya, teku a ƙasa. Kullum da safe nake sa a wanke namu, har ina taƙama babu mai tsabtarsa a duk Abhur. Sama nake dubawa. Ban taɓa sunkuyawa na dubi ƙasa ba.

"Ka gaya wa maigidanka," ta ce, "ranar da ya tumɓuke akurkin nan, mu kuma za mu kwashe kayanmu mu fita can wajen baki, mahaɗar babbar teku, inda igiyar ruwa ke ja da komai. Na san wurin. Dutse ne mai yanka ƙafa, babu inuwa ko ta tsuntsu. Za mu je. Amma shi zai fara."

Na kai saƙo. Maigidana ya dafa kai.

"Ni zan fara? Su fara tashi in gani! Kuma ina zan kai mutane idan na cire shi? Ka san ƙasar nan, ya waladi, taki ɗaya ka haƙa sai dutse. Wa zai fasa mini bayara a nan?"

Bayara ita ce ramin masai. Gaskiyarsa ce kuwa, bayan rumfarmu dutsen teku ne zalla. Na koma wurin Inna, ta ce shi zai fara. Na dawo wurinsa, ya ce ita za ta fara. Na yi ta safa da marwa tsakanin mutum biyu masu taurin kai, ga maƙwabcinmu kullum yana leƙowa yana tambayar ina aka kwana. Ni da nake ganin babu abin da ban iya jerawa ba, na kasa gano wanda zan sa a gaba.

Abokina mai lori ne ya warware mini. Muna zaune a inuwar motarsa ina ta ƙorafi, sai ya ce, "Kai, ya zol, me ya sa dole wani ya fara? A yi duka rana ɗaya mana. A garinmu da gayya za a kira, kafin la'asar an gama."

Na san kalmar a bakin tsofaffi, amma ban taɓa ganin abin ba. Ni ɗan Nuzla ne, ko fartanya ban taɓa riƙewa ba. Ya yi mini bayani: mai aikin da ya fi ƙarfinsa ya sanar da jama'a, kowa ya zo da kayan aikinsa, a taru a gama masa. Ba a biyan kowa. Shi dai mai gayya ya ciyar, kuma ya ciyar da kyau.

Sai da na maimaita wa maigidana sau da yawa kafin ya yarda ba zolayarsa nake yi ba.

"Su fasa dutse, ba lada?"

"Ladan yana wurin Allah, ya ammi. Naka abinci ne."

"To me suke nema a wurina daga baya? Faɗa mini tun yanzu."

"Babu. Amma akwai sharaɗi. Ba ma'aikatanka ba ne, ba za ka tsaya a kansu kana nuni da sanda ba. Da kanka za ka tarbe su, da kanka za ka ce su zauna su ci. Kuma ba shinkafa gaya ba. Yanka za ka yi."

Ya yi mita har ya gaji, ya ce bai taɓa ganin mutane irinmu ba, ya ce zan talauta shi. Sannan ya aika a sayo raguna.

Na bi masallatan Nuzla ina sanarwa bayan salla. Wani tsoho da ya yi ƙuruciyarsa yana sarar dutsen gini a gaɓar Jidda ya kalle ni sama da ƙasa.

"Ɗana, a garinmu gona ake yi wa gayya. Kai masai ka samo mana?"

Aka yi dariya. Na bari aka gama, sannan na ce, "Baba, matanku da ƙannenku ne a ƙuryar can." Dariyar ta tsaya. Ya ce in zo in ɗauki gudumarsa tun da yamma, don ta yi masa nauyi yanzu, amma idonsa bai manta inda dutse ke tsagewa ba.

Muka zaɓi tsakiyar mako, ranar da babu masu shaƙatawa, ga shi aikin dako a tashar jirgi ya yi sauƙi tun da alhazai sun tafi. Bayan asuba lori ta sauke maza. Ta koma ta ɗauko mata da darduma, ta wuce da su can wajen baki. Inna da wasu tsofaffi suka tsaya a wurinmu don tuƙa tuwo, a gefen mai dafa shinkafar maigidana.

A ranar na ji daɗin halina. Na fara auna wuri a kan tudu, nesa da ruwa. Na sa majiya ƙarfi a diga da guduma, tsohon nan yana nuna musu inda za su sara. Bayansu layin masu kwando, hannu zuwa hannu. Masu jera dutse a gefe suna jira. Kafintoci biyu suka hau gada suka fara ɓanɓare akurkin, don da katakonsa za a yi sabon ɗaki a kan tudu. Wani ya kifa garwa yana kiɗa, masu diga suna amsawa. Maigidana ya tsaya a bakin rumfa yana ta marhaba, marhaba, fuskarsa kamar wanda har yanzu yake jiran a kawo masa lissafi.

Rana ta kusa tsakiya, rami ya kai ƙirji, sai mai kiɗa ya tsaya. Na juya. Ƙura ce ta taso daga hanyar gari, a gabanta motar baladiyya, da askari a baya. Ashe maƙwabcinmu bai jira kowa ba.

Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba. Matan da nake tsoron a kama sun yi nisa, amma ga mazansu da 'yan'uwansu, yawancinsu babu takarda, ni da kaina na bi masallaci-masallaci na tattaro su wuri ɗaya. Bayansu teku, gabansu fili fetal babu ko bishiya. Na ga wani ya ajiye kwando yana duban hagu da dama.

Na ɗaga murya irin wadda nake yi wa masu shara.

"Kada wanda ya motsa daga inda na sa shi! Mai diga, sara. Mai kwando, miƙa. Kai mai garwa, wa ya ce ka tsaya?"

Ban san abin da ya sa suka bi ba. Wataƙila tun safe sun saba da tsawata. Kiɗa ya dawo. Na karkaɗe rigata na tafi na tari motar.

Jami'in ya sauko, matashi ne, da farar riga tas. Ya dubi layin mutane har ƙarshensa.

"An kawo ƙarar masu wanki suna ɓata ruwa. Ina suke?"

"Babu mai wanki a Abhur daga yau, ya sidi. Ka duba ƙurya."

Ya duba. Babu kowa sai tsuntsaye.

"Waɗannan fa? Wa ya tara su?"

"Ni."

"Ma'aikatan wa? Ina kafilinsu, ubangidan da ya tsaya musu?"

"Ba ma'aikata ba ne. Ba a biyansu."

Ya yi 'yar dariya. "Suna fasa dutse a wannan rana, don ramin masai, kyauta? Ni kake gaya wa?" Ya waiwaya wajen askarin. Na fara jero masa bayani, na farko kaza, na biyu kaza, amma na ga ba ya saurare.

Sai na ji takun sanda a bayana. Maigidana ne, ya gyara rawaninsa, ya zo ya tsaya a tsakanina da jami'in.

"Ahlan, ya waladi. Ɗan gidan wa?" Jami'in ya faɗa. "Na san kawunka. To ji nan. Mutanen nan baƙina ne. Ni na gayyace su, ni na tarbe su, na yanka musu, ga tukwane can a kan wuta. Ko ɗaya cikinsu bai karɓi komai daga hannuna ba. Tun yaushe ake shiga rumfar mutum a tambayi baƙonsa takarda, abinci yana kan wuta? Aibi ne. Ka zo a kan lokaci, tafaddal, bismilla. Kai ma askari, sauko, ba a cin abinci a mota."

Jami'in ya waiga wajen rumfa. Ya dubi tukwane, ya dubi fatun raguna da aka shanya, ya dubi dattijon da ya girmi mahaifinsa yana riƙe da hannun rigarsa. Ni dai ina ta addu'a a zuci. Daga ƙarshe ya cire takalmi ya hau tabarma.

Na sa aka tsaida aiki, aka yi salla, aka zauna layi-layi. Askarin ya faɗa tsakanin masu kwando, suka koya masa yadda ake yankar tuwo, ya ƙona yatsa, aka yi dariya. Wanda ɗazu yake neman hanyar gudu shi ne yake tura masa nama.

Da jami'in ya gama sai ya miƙe ya nufi bakin ruwa zai wanke hannu. Inna ta hango shi. Ta taso da buta, tana magana da Larabcinta mai rabin Hausa.

"La, la, ɗana. Ba nan ba. Ba yanzu ba tukuna."

"Me ya sa, ya khala? Ba an ce masu wanki sun tashi ba?"

"Mun tashi," ta ce. Ni dai na runtse ido, don ta faɗa da bakinta cewa ita mai wanki ce. Ita kuwa ko a jikinta. Ta zuba masa ruwa a hannu, sannan ta nuna gadar maƙwabcinmu, da ta gaba da ita, da ta gaba da waccan, kowace da akurkinta a ƙarshe. "Waɗancan ne ba su tashi ba."

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya yi mata godiya. Da zai shiga mota ya ce wa maigidana zai dawo ya ga ramin idan an rufe, kuma zai bi ta wurin maƙwabta.

Kafin magariba mun jera dutse, mun rufe, mun kafa ɗakin. Lori ta yi sawu biyu zuwa Nuzla. Ni na shiga na ƙarshe, bayan na zagaya tudu da gaɓa na tabbata ba a bar kowa ba.

Ba zan ce muku ruwan Abhur ya washe washegari ba. Jami'in ya dawo kamar yadda ya ce, wasu akurkan suka sauka, wasu masu su suka san wanda za su gani aka ƙyale su. Maƙwabcinmu ya daina amsa sallamata har na bar aikin. Amma kumfa ta ɗauke, wari ya ragu, kafin zafi ya tsananta iyalai sun dawo, yara suna iyo a gaban rumfarmu. Matan kuwa sun biya nasu da ƙafafunsu. Duk lokacin wanki Inna takan dawo da tafin ƙafa a tsattsage, ta zauna tana shafa man kaɗanya, ba ta taɓa cewa a koma ƙurya ba. Haka suka yi ta yi har injin wanki ya zo ya raba su da sana'ar.

Abin da na riƙe daga wannan rana shi ne, tsari yana kai mutum wani wuri, amma ba ya kai shi ko'ina. Ni na jera mutane, na hana su gudu, wannan nawa ne kuma ba na rage shi. Amma da babu al'adar da kakanninmu suka taho da ita a ƙafa, da dattijon da ya ɗauki baƙuntarsu da gaske a lokacin da ta zama nauyi, da jerin nawa ya zama layin shiga mota.

Bayan nan na yi ayyuka da yawa. Na buɗe shagona, na gina gida, na aurar da 'ya'ya. Jikokina suna zaune a unguwar Safa, Hausarsu ta ji ce kawai, idan na yi musu magana da ita da Larabci suke amsawa. Wani lokaci su tambaye ni wane aiki ne na fi alfahari da shi a rayuwata. In ce musu ramin masai ne, a bayan wata gahawa da yanzu ko alamarta babu. Su yi ta dariya, su ce jaddi, wato kaka, ya fara rikicewa. Ni kuwa ba na dariya. Na san mutanen da suka hau lorin nan da asuba, na san matan da suka fita wajen baki da darduma a ka, kuma a ranar kowa a ɗakinsa ya kwana.